Zana taswirar launi daga fayilolin LC-MS ta layin umarni: me ya sa hoton ke fitowa baƙi?

Tambayar ta fito daga wata ɗaliba a Maradi da ke bincike kan gubar afalatoksin a cikin gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta aika samfura 24 zuwa wani ɗakin awo a waje, aka auna su da LC-MS, wato na'urar da ke rarrabe sinadarai a cikin bututu sannan ta auna nauyinsu, aka dawo mata da fayiloli masu ƙarewa da .raw. Tana so ta mai da kowane fayil taswirar launi ta hanyar ƴar manhajar da ake kira daga layin umarni. A gwajin farko kwamfutarta mai RAM 4 GB ta sandare. A na biyu hoto ya fito, amma baƙi ƙirin, sai ɗigo biyu ko uku masu haske.

Malama, matsalolin nan biyu asalinsu ɗaya. Fayil ɗin da na'ura ta ba ki ba hoto ba ne, jerin awo ne. Kowane sikan yana ɗauke da lokacin da aka yi shi, da jerin m/z, wato nauyin ƙwaya a raba da cajinta, da ƙarfin siginar kowane m/z. Kafin wannan ya zama hoto, dole wani ya yanke shawara biyu: faɗin gurbin da za a tara m/z a ciki, da ma'aunin da zai mai da ƙarfi launi. Idan ba ki yanke su da kanki ba, manhaja za ta yanke miki, kuma ba ta san abin da kike nema ba. Sandarewar kwamfuta daga faɗin gurbi ta zo, baƙin hoto daga ma'aunin launi.

Amma kafin nan, a fara da fayil ɗin kansa. Tsarin .raw na kamfanin da ya ƙera na'urar ne, Python ba ya karanta shi kai tsaye. Idan fayil guda ne mai .raw, galibi na Thermo ne. Idan babban jaka ne mai suna .raw da ƙananan fayiloli a ciki, na Waters ne. Agilent da Bruker suna ba da jaka mai .d, Sciex kuma .wiff. Dukkansu ana juya su zuwa mzML, buɗaɗɗen tsarin da kowace manhaja ke ganewa, da msconvert na ProteoWizard, wanda kyauta ne. A kan Windows za ki yi wannan juyin, domin ƴan manhajojin kamfanonin da ke karanta waɗannan fayiloli a can suke aiki:

msconvert *.raw --mzML --zlib --filter "peakPicking vendor msLevel=1-" --filter "msLevel 1" -o mzml

Tacewar farko tana mai da kowane tozon sigina, wanda na'ura ta rubuta da ɗigo goma ko fiye, ya koma ɗigo ɗaya a tsakiyarsa. Fayil yana raguwa sosai. Dole ita ce ta farko a jeri, in ba haka ba msconvert ba zai yi amfani da lissafin kamfanin ba. Ta biyu tana zubar da sikan na MS2. Waɗannan ɓaraguzan ƙwaya ɗaya ce da aka zaɓa aka farfasa, idan suka shiga taswira sai su cika ta da ɗige-ɗigen da ba su da alaƙa da abin da ke fitowa daga bututu a wannan lokacin. Ki ajiye .raw na asali, kada ki goge, za ki buƙaci MS2 daga baya wurin tabbatar da suna.

Da an gama juyi, ki leƙa cikin fayil ɗaya kafin ki rubuta komai:

findstr "spectrumList chromatogramList" samfur01.mzML

Wannan duba na minti ɗaya yana iya cece ki daga aikin mako. Yawancin ɗakunan awon da ke amfani da LC-MS suna auna afalatoksin da na'ura mai kwadirufol uku a tsarin MRM, inda ba a share faɗin m/z gaba ɗaya, sai dai a sa ido kan ƴan hanyoyi kaɗan, kamar 313 zuwa 285 da 313 zuwa 241 na B1, ɗaya daga nau'o'in afalatoksin huɗu da ake aunawa. Irin wannan fayil ba shi da sikan ko ɗaya, layukan lokaci kawai gare shi. Idan kika ga babu spectrumList, ko adadinsa sifili ne, to babu taswirar m/z da lokaci da za a iya zanawa daga gare shi, komai ƙwarewar mai rubuta manhaja. Tunda kin ce hoto ya fito da ɗigo masu haske, alama ce naki na cikakken sikan ne, sai mu ci gaba.

Yanzu lissafin da ya kashe kwamfutar. A ce awon minti 20 ne, sikan ɗaya kowace daƙiƙa, sikan 1,200 ke nan. A ce an share m/z daga 100 zuwa 1,000. Mutum yakan ce, tunda na'urar tana bambance lamba uku bayan ɗigo, bari in sa gurbi 0.001 kada in yi asarar komai. Gurabe 900,000 ke nan. A ninka da 1,200, a sake ninkawa da bayit 8 na kowace lamba, ya kama 8.64 GB. Kwamfutarki 4 GB gare ta, kuma Windows ya riga ya ci nasa kason. Ko gurbi 0.01 ma 864 MB ne, kuma ɗaukar logaridam da zane kowanne yana yin nasa kwafin.

Abin takaicin shi ne ko da kwamfutar ta ɗauka, wahalar banza ce. Hoton da za ki sa a takardar bincike tsayinsa bai wuce ɗigo 2,000 ba. Gurabe 90,000 a cikin ɗigo 2,000 na nufin gurabe 45 suna rububin ɗigo ɗaya. Manhajar zane ko dai ta ɗauki ɗaya ta watsar da 44, ko ta gauraya su duka. Siginar afalatoksin gurbi ɗaya tak ta mamaye, sauran fanko ne, don haka ko ta ɓace ko ta dusashe. Ƙa'idar da za ki riƙe: yawan gurabe kada ya wuce yawan ɗigon hoton. Don kallon fayil gaba ɗaya, gurbi 0.5 ya isa, gurabe 1,800, kimanin 17 MB. Idan kina son ganin ƙwaƙƙwafi, ki rage faɗin filin m/z, sannan ki rage gurbin.

Kayan aiki huɗu ne: pyteomics, lxml, numpy da matplotlib. Inda intanet ke da tsada ko yana yankewa, ki sauke su sau ɗaya a wurin da layi ke da ƙarfi da pip download -d kaya pyteomics lxml numpy matplotlib, sannan a kowace kwamfuta ki ce pip install --no-index --find-links kaya pyteomics lxml numpy matplotlib. Sharaɗin shi ne Python ɗin da Windows ɗin su zama iri ɗaya da na inda aka sauke. Ga manhajar, ki ajiye ta da suna taswira.py:

```
import argparse
import numpy as np
import matplotlib
matplotlib.use("Agg")
import matplotlib.pyplot as plt
from pyteomics import mzml

p = argparse.ArgumentParser()
p.add_argument("fayil")
p.add_argument("--daga", type=float, default=100)
p.add_argument("--zuwa", type=float, default=1000)
p.add_argument("--gurbi", type=float, default=0.5)
p.add_argument("--kasa", type=float, default=3)
p.add_argument("--sama", type=float, default=8)
a = p.parse_args()

n = int(np.ceil((a.zuwa - a.daga) / a.gurbi))
lokuta, layuka = [], []
with mzml.read(a.fayil) as f:
    for s in f:
        if s.get("ms level") != 1 or "negative scan" in s:
            continue
        t = s["scanList"]["scan"][0]["scan start time"]
        if t.unit_info == "second":
            t = t / 60
        mz, k = s["m/z array"], s["intensity array"]
        ciki = (mz >= a.daga) & (mz < a.zuwa)
        i = ((mz[ciki] - a.daga) / a.gurbi).astype(int)
        jimla = np.bincount(i, weights=k[ciki], minlength=n)[:n]
        layuka.append(jimla.astype(np.float32))
        lokuta.append(float(t))

M = np.log10(np.array(layuka).T + 1)
y = a.daga + a.gurbi * (np.arange(n) + 0.5)
plt.figure(figsize=(10, 8))
plt.pcolormesh(lokuta, y, M, shading="nearest",
               cmap="viridis", vmin=a.kasa, vmax=a.sama)
plt.colorbar(label="log10")
plt.xlabel("minti")
plt.ylabel("m/z")
plt.savefig(a.fayil + ".png", dpi=300)
```

Akwai layuka a ciki da suka yi kama da ado, alhali kowanne rami yake toshewa.

Manhajar tana karanta sikan ɗaya, ta tara shi a gurabe, ta sake shi, ta ɗauko na gaba. Ba ta taɓa riƙe fayil duka a ƙwaƙwalwa, shi ya sa fayil mai 1 GB ba zai gagari kwamfutarki ba, zai dai ɗauki lokaci.

Layin bincount shi ne wanda aka fi kuskurewa. Mutane da yawa suna rubuta layi[i] += k, kuma ba ya nuna wani kuskure. Amma idan sigina uku suka faɗa gurbi ɗaya, numpy ba ya tara su, ta ƙarshe kawai yake ƙarawa. Da gurbi 0.5 kusan kowane gurbi yana da sigina fiye da ɗaya, don haka babbar sigina tana iya ɓacewa saboda wata ƴar ƙarama ta biyo bayanta a jeri. Hoton zai fito da kyau, amma ƙarya ne, kuma babu abin da zai faɗakar da ke.

Layin da ke duba unit_info yana nan ne domin wasu fayiloli suna rubuta lokaci da minti, wasu da daƙiƙa. Idan kika ga awon minti 20 ya miƙe har 1,200 a ƙasan hoto, daga nan ne. Layin da ke tsallake sikan mai caji mara kyau, wato negative, kuma saboda na'urorin da ke sauya caji ne, sikan ɗaya mai kyau, ɗaya mara kyau. Idan aka haɗa su, hoto yana fitowa zane-zane kamar jikin tabarma. Afalatoksin a caji mai kyau ake ganinsa, shi muke riƙewa.

An zaɓi pcolormesh ne saboda tazarar sikan ba daidai take ba. Lokacin da sinadarai suka yi yawa, na'ura tana shagala da MS2, sai tazarar da ke tsakanin cikakkun sikan (MS1) biyu ta faɗaɗa. Umarnin imshow ya fi sauri, amma yana ɗauka kowane sikan faɗinsa ɗaya, sai tozon da ya fito a minti 7 ya bayyana a wani wuri daban. Girman hoton ma da lissafi aka sa shi: inci 8 a kan ɗigo 300 ya ba da 2,400, filin zanen kansa yana cin kashi 77 cikin 100, wato 1,848, ya ɗan ɗara gurabe 1,800. Idan kika rage dpi zuwa 100 don hoton ya yi sauƙin aikawa, layuka biyu cikin uku za su ɓace.

Sai baƙin hoton. Ƙarfin sigina a irin wannan na'ura yana tashi daga dubbai har ɗaruruwan miliyoyi. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, kuma ko an tsabtace samfur, abin da ya tsira na kitse yana da sigina mai ƙarfin gaske. Idan launi ya bi ƙarfi kai tsaye, mafi ƙarfi shi ke ɗaukar launi mafi haske, duk abin da bai kai kashi 1 cikin 100 nasa ba ya zama baƙi. A ce kitse ya kai miliyan 500, afalatoksin yana 200,000. Bai kai rabin kashi ɗaya cikin dubu ba. Yana nan a cikin hoton da kika zana, ido ne ba zai gan shi ba, kamar neman hasken ashana a tsakar rana. Da logaridam, miliyan 500 ya zama 8.7, 200,000 ya zama 5.3, duka biyun sun samu wuri a ma'auni. An ƙara 1 kafin logaridam ne saboda gurabe marasa komai, domin sifili ba shi da logaridam.

Lambobin 3 da 8 da na sa a --kasa da --sama mafari ne kawai, domin kowane kamfani da irin ma'aunin ƙarfinsa. Na'urorin TOF sukan ba da lambobi ƙasa da na Orbitrap sosai. Ki zana fayil ɗaya, idan bango ya cika da ƙura ki ɗaga --kasa zuwa 4, idan hoton ya yi duhu ki sauke --sama. Da kin samu wanda ya zauna, ki kulle shi ga duka 24. Wannan ba zaɓi ba ne. Idan aka bar kowane hoto ya zaɓi ma'auninsa, samfurin da babu komai a ciki zai haska ƙurarsa har ya yi kama da gurɓatacce, kuma ba za a iya jera hotuna biyu a kwatanta ba. Launin viridis kuma haskensa yana ƙaruwa a hankali daga ƙasa zuwa sama, don haka ko an buga takardar da baƙi da fari ana karanta shi. Launin jet mai kama da bakan gizo yana ƙirƙiro iyakoki inda babu su, ki bar shi.

Don bin fayilolin duka a Windows:

for %f in (*.mzML) do python taswira.py "%f" --kasa 4 --sama 8

Idan a cikin fayil .bat kika rubuta shi, %f ya zama %%f. Kowane hoto ana ajiye shi da zarar an gama shi, don haka idan wuta ta ɗauke batir ya ƙare a fayil na 15, goma sha huɗun farko suna nan.

Akwai wasu ramuka da suka fi kama masu aiki da kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yawancin namu a Nijar. Python ɗigo ya sani, ba waƙafi ba: --gurbi 0,5 zai ƙi, sai 0.5. Idan kika fitar da tebur kika buɗe da Excel na Faransanci, yana iya ɗaukar 313.0707 a matsayin rubutu maimakon lamba. Umarnin da aka kwafo daga Word yakan zo da lanƙwasassun alamomin zance, layin umarni kuma miƙaƙƙu kawai yake ganewa. Kada a turo miki manhajar a matsayin saƙon WhatsApp, domin yana cinye alamar tauraro da ta ƙasan layi yana mai da su ado, a turo ta a matsayin fayil. Sunan jaka kuma ki sa shi gajere, babu tazara, babu wasali mai hula. Idan za ki kwashe fayiloli a USB mai tsarin FAT32, ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4 GB.

To hoto ya fito, me ake karantawa? Lokaci yana kwance, m/z yana tsaye. Sinadarin gaske gajeren zane ne a kwance, faɗinsa ƴan daƙiƙoƙi, mai haske a tsakiya, yana dusashewa ta gefe biyu. Layin da ya miƙe daga farkon awo har ƙarshe bai bi ta bututu a matsayin samfur ba, datti ne daga ruwan awo, ko roba, ko iskar ɗaki. Sanannu a cikinsu: 391.28 da 149.02 na sinadarin da ke tausasa roba, 371.10 da 445.12 na silikon. Idan kika ga ɗige-ɗige suna hawa kamar matakala, tazarar kowanne 44.03, sinadarin PEG ne, yakan zo daga sabulun wanke kwalabe. Dogon zane a tsaye a minti na farko gishiri da sukari ne da bututu bai riƙe ba. Duhu a tsaye a tsakiyar awo, inda har layukan datti suka yanke, feshin na'ura ne ya tsaya na ɗan lokaci, kuma duk abin da ya fito a wannan tazara an rasa shi. Cunkoson haske a ƙarshen awo, sama da m/z 700, kitsen gyaɗa ne ke fita lokacin wanke bututu.

A wannan babban hoton ba za ki iya nuna afalatoksin da yatsa ba. Sai kin matso:

python taswira.py samfur01.mzML --daga 310 --zuwa 340 --gurbi 0.02

Gurabe 1,500 ke nan, sun shiga hoton daidai. Da proton ɗaya a jikinsu, B1 yana 313.071, B2 yana 315.086, G1 yana 329.066, G2 yana 331.081. A bututun C18 da aka saba, G2 ke fara fita, sai G1, sai B2, B1 a ƙarshe. Don haka a fayil ɗin ma'aunin da aka zuba guba huɗun da gangan, za ki ga ɗigo huɗu suna gangarowa daga hagu sama zuwa dama ƙasa. B1 na gaske ba ya zuwa shi kaɗai. Yana da kabon 17, kuma ƴan kaɗan daga ƙwayoyin kabon sun ɗan fi sauran nauyi, don haka a daidai lokacinsa akwai inuwarsa a 314.074 mai ƙarfin kusan kashi 18 cikin 100 nasa, kuma sau da yawa akwai wanda ya ɗauki sodiyam a 335.053. Su ukun dole su tashi tare su sauka tare. Ɗigon da ke 313.07 ba tare da inuwa ba, ko wanda inuwarsa ta fito a wani lokaci daban, abin zargi ne.

Ga wani tarko a nan: idan B1 ya yi yawa, yana da inuwa ta biyu kusa da 315.08, mai ƙarfin kusan kashi 3 cikin 100. Da gurbi 0.02 tana faɗawa gurbin B2 ko maƙwabcinsa. Lokaci ne ke raba su. Idan hasken 315 yana tsaye daidai saman B1, inuwa ce. B2 na gaske yana gefen hagu, ya riga shi fita.

Idan kuma abin da malaminki ke nufi da taswirar launi shi ne wadda samfura ke jere a gefe ɗaya, sinadarai a ɗaya gefen, da rassa masu haɗa masu kama da juna, wannan wani aiki ne. Sai an fara fitar da teburin sigina da MZmine, ko XCMS, ko OpenMS, an daidaita lokutan fitowa tsakanin fayiloli, sannan a zana. Taswirar da muka yi ita ce ke gaya miki ko fayilolin sun cancanci shiga wancan aikin.

Launi ba ya ba da adadi. Iyakar Tarayyar Turai ga gyaɗar da za a ci kai tsaye ita ce maikirogiram 2 na B1 a kilo, da 4 na jimlar huɗun. Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, ya sa 15 na jimlar ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa. Tsakanin 2 da 4 bambancin logaridam 0.3 ne kawai, a ma'aunin da ya tashi daga 4 zuwa 8, ido ba zai raba su ba. Ƙari a kan haka, kitsen da ya fito tare da guba yana danne siginarta, don haka ƙuli-ƙuli da ɗanyar gyaɗa masu guba daidai suna iya ba da haske daban. Adadi yana fitowa ne daga faɗin tozo a siririn layin m/z, misali 313.0707 da sassaucin 5 ppm (kashi 5 cikin miliyan), wato 0.0016 ta kowane gefe, a gwada shi da jerin ma'aunai da aka san ƙarfinsu.

Saboda haka ki duba ko a cikin abin da aka aiko miki akwai fayil ɗin ruwan awo zalla, da na ma'aunai, da takardar jerin yadda aka saka samfura a na'ura. Idan babu, ki rubuta wa ɗakin awon su turo. Ki zana na ruwa zalla da ma'aunin launi ɗaya da sauran, ki ajiye shi kusa da kowane samfur: duk layin da ke cikin biyun ba daga gyaɗarki ya fito ba. Sannan ki jera hotunan 24 bisa jerin sakawa, ba bisa lambar samfur ba. Idan ɗigon 313 ya bayyana a raunane a samfurin da ya biyo bayan ma'auni mafi ƙarfi, ko bayan samfuri mai guba da yawa, yana iya zama ragowar na baya ne da ya maƙale a allurar na'ura, kuma wannan samfurin sai an sake saka shi bayan ruwa zalla kafin a rubuta masa sakamako.